Haƙorin Gaban Alaramma

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina gode masa da ya tashi kafaɗun maigidana. Amma godiyar ba za ta hana ni faɗar abin da ke raina ba, don har yau in na tuna azumin bara sai raina ya ɓaci. Na rubuta wannan ne saboda matan da mazajensu ke cin goro, da duk wanda aka zuga ya je a mayar masa da haƙoransa farare.

Maigidana Malam Habibu alaramma ne. Yana da rumfar littattafai a Kurmi, amma ba da ita aka san shi ba. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin da Malam Babba ke yi bayan la'asar a masallacin unguwarmu, nan bayan Ƙofar Wambai. Shi zai karanto aya, Malam Babba ya fassara. Mahaifinsa ne ya riƙe wurin har ya rasu, shi kuma ya gada tun kafin a kawo ni gidan. Aikin na wata guda ne a shekara, amma sauran watannin duk shirinsa yake yi. Ba ya shan ƙanƙara, ba ya kwana a ƙarƙashin fanka, zumarsa kuwa ko yara ba su isa su lasa ba. Goro ne kaɗai ya gagare shi bari. Haƙoransa jajaye ne tun yana saurayi, a haka na gan shi, a haka na ce na ji na gani.

Abin ya faro ne daga lokacin da samarin masallaci suka sayo kyamara suna ɗora tafsirin a waya. Mai ɗaukar hoton ba shi da aiki sai kusanto da bakin Malam. Mutane da yawa suna rubuta addu'a da yabo a ƙasa, sai wani marar aikin yi ya rubuta cewa murya ta Madina, haƙora na kasuwar goro. Malam ya karanta mini da kansa yana dariya, na ɗauka ya wuce. Ashe bai wuce ba. Mutumin da bai taɓa sanin inda madubina yake ba, sai na riƙa tarar da madubin an sauya masa wuri. In baƙo ya ba shi dariya sai ya kai hannu baki kamar sabuwar amarya.

Da Sha'aban ya raba tsakiya ya ce in shirya in raka shi wani asibitin haƙori na kuɗi a wajen gari, don an ce masa likitar mace ce. Na ce, "Malam, azumi ya ƙarato, ka bari sai bayan Sallah mana." Ya ce ai don azumin zai yi. Kuɗin da muka ware na gero da sukari su ya ɗiba, ya ce ciniki zai mayar.

Zan yi wa likitar nan adalci, ta faɗi gaskiya. Ta fara kankare masa dattin da ya daskare, ta duba da ɗan madubinta, ta ce akwai tsaga da ƙaramin kogo a bayan haƙorinsa na gaba na sama. Ta ce daidai shi ne a yi ciko, a huta, sannan a yi bilicin. Da na ji kalmar bilicin sai da na danne dariya, don mu a wurinmu matan da ke neman farar fata ke yin sa. Malam ya ce ba shi da lokacin jira. Ta ja, ya ja, daga ƙarshe ta ce to za ta toshe kogon da cikon wucin gadi ta yi aikin a ranar. A nan nake jin haushinta. Ta san abin da ya dace, ta faɗa da bakinta, kuma ta bari wanda bai sani ba ya rinjaye ta.

Ta sa masa roba ta wangale baki, ta rufe dasashinsa da wani abu, ta shafa wa haƙoran wani mai, ta haska musu shuɗiyar fitila. Ta ce in ya ji zafi ya ɗaga hannu. Ina zaune a gefe ina kallon 'yan yatsun ƙafarsa suna naɗewa a cikin takalmi, amma hannun nan ko motsi. Namiji, kuma alaramma, ya ɗaga wa mace hannu ya ce ya ji zafi? Ai gara haƙoran su zube.

Aikin dai ya yi, wannan ba zan ɓoye ba. Ba su yi fari fat irin na talla ba, amma jan ya tafi, sun koma kalar madara. Ni kaina sai da na sake kallonsa. A cikin adaidaita sahu yana ta yi wa direba fara'a ba gaira ba dalili.

Kafin mu fito likitar ta ba shi wata roba da aka yi daidai bakinsa, da 'yan sirinji na man, ta ce ya riƙa sawa na ɗan lokaci kaɗan a rana, in ya ji haƙoran na tsami ya tsaya. Sannan ta faɗi maganar da na haddace: "Malam, a 'yan kwanakin nan duk abin da zai ɓata farar riga zai ɓata haƙoran nan. Ba shayi, ba zoɓo, ba miyar manja. Goro kuwa ko kallonsa kada ka yi."

To ga inda aka samu matsala. Duk shekara daga tsakiyar Sha'aban Malam yakan je zauren Malam Babba da yamma su bi surorin da za a karanta. Al'adar Malam Babba ce tun zamanin surukina, in sun zauna ya fasa goro ya ci ɓari, ya miƙa wa mai jan baƙinsa ɓari da hannunsa. Ba goron da za ka sa a aljihu ka ce sai an jima ba ne. A gabansa ake ci. Ranar da aka yi aikin, da yammar nan, Malam ya karɓa da hannu biyu ya tauna.

Da ya dawo na ga bakin na ce, "Malam, ba ka gaya masa likita ta hana ba?"

Ya ce, "Ke ma dai. In dubi Malam in ce masa me? In ce na je an yi mini bilicin?"

Na ce, "To ka ce haƙori ke ciwo."

Ya ce, "In yi masa ƙarya kuma?"

Haka aka yi ta yi kullum. Ya je zaure ya ci goron girmamawa, ya dawo ya cika robar nan da mai don ya goge abin da goron ya yi. Jan bai dawo gaba ɗaya ba, dabbare-dabbare ya dawo, abin ya fi na da muni. Ɗan lokacin da likita ta ce ya koma rabin wuni. Yana zaune a rumfa da roba a baki, mai sayen littafi na tambayar kuɗi yana nuna masa da yatsu. Da man likita ya ƙare ya sayo wani a kemis, wanda ko sunan kirki babu a jikinsa. Yayarsa, Yaya Asabe, da ta zo ta ga abin da ake ciki, ta ce duk wannan ɓarnar kuɗi ce, ga lemon tsami da kanwa da garin gawayi. Shi ma ya haɗa da su, yana dirza da aswaki a kowace alwala.

Kafin a ga wata dasashinsa ya yi fari kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, ya fara saɓulewa. Cikon wucin gadin ya faɗo a cikin tuwo, na gani da idona, ya ture shi gefen kwano ya ce tsakuwa ce. Na ce mu koma asibiti. Ya ce da sauƙi. Ban taɓa tsanar kalma kamar yadda na tsani da sauƙin nan ba a watan.

Ranar ɗaya ga azumi ya je ya ja baƙinsa. Da aka sha ruwa na miƙa masa kunun tsamiya, ya kurɓa sau ɗaya ya dire kofin ya dafe kai, hawaye na zuba ba tare da ya yi niyyar kuka ba. Zafi ba ya shiga, sanyi ba ya shiga, tsami kuwa ba a magana. Ruwan randa ma ya gagara, sai na riƙa ɗumama masa ruwan alwala kowace salla saboda kurkurar baki. Abincinsa ya koma koko mai ɗumi-ɗumi da burodin da aka jiƙa. Abin da ya fi damunsa shi ne iska. Mai karatu dole ya ja numfashi ta baki, shi kuwa kowane ja kamar ana soka masa allura a haƙoran gaba. Ya sa aka kashe fankar da ke saitinsa a masallaci, ya ce mura yake gudu. Yakan dawo rigarsa sharkaf, ya kwanta a tabarma.

A haka ya lallaɓa mafi yawan goman farko. Sai wata safiya ya tashi leɓensa na sama ya kumbura har gindin hanci, ga zazzaɓi. Ranar ce aka ce wa Malam Nazifi, ɗaya daga cikin ɗalibansa da suka yi sauka a hannunsa, ya riƙe wurin kafin ya warke.

Daga nan gidanmu ya koma kasuwar shawara. Yaya Asabe ta tare a ɗakina ta ce kambun baka ne, tunda an baza hotonsa a duniya kowa na tanka muryarsa. Ba ta ga laifin lemon tsaminta ba ko kaɗan. Aka kawo rubutu, aka kawo kanumfari, aka dafa bagaruwa. Waɗannan ban hana ba. Amma ranar da wani abokin kasuwancinsa ya aiko da ruwan batir a 'yar kwalba, wai a ɗiga a kogon ya kashe tsutsar da ke cin haƙorin, na karɓa na tuttular a makwarara.

Yaya Asabe ta ce, "Binta, ke fa kin cika iyayi. Mutane nawa suka sa suka warke?"

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, a kan wannan sai dai a ce na yi rashin kunya."

Ta yi fushi ta daina cin abincina, amma ba ta tafi ba. Kuma in faɗi gaskiya, ita ta riƙe mini yara da girki duk ranakun da muka yi ta zaryar asibiti. Allah ya saka mata, ya kuma raba ta da lemon tsami.

Mun fara komawa asibitin da aka yi aikin. Aka ce likitar ta tafi Umara, wanda ke riƙe da wurin kuma sai an sake biyan kuɗin ganinsa. Muka biya. Ya leƙa bakin, ya yi wa Malam faɗa kamar ɗansa, ya faɗi kuɗin gyaran. Ko mun sayar da rabin littattafan rumfa ba za su kai ba. Muka fito da takardar maganin kashe zafi kawai.

Sai asibitin gwamnati. Wanda bai taɓa bin layin haƙori da azumi a bakinsa ba bai san haƙuri ba. Kowa ya dafe kunci, ba mai iya yi wa wani sannu. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu muka kai bakin ƙofa aka ɗauke wuta, aka ce ba man janareto. Da muka samu shiga aka ce sai an yi hoton haƙorin, na'urarsu kuma ta lalace, sai mun je waje. Kowace tafiya kuɗin adaidaita ne, ga rumfa a rufe a lokacin da aka fi sayen littattafan addini. 'Yan kunnena na gwal da na ajiye don wata lalura, a wannan zaryar suka tafi.

Likitan da muka samu a can dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ɗaga hoton ya duba, ya sa Malam ya faɗi duk abin da ya sa a bakinsa. Da Malam ya fara ragewa sai na cike masa sauran, har da na kemis da na Yaya Asabe. Likitan ya ce shi wannan aikin na farin haƙori ba abin tsoro ba ne in bakin lafiyayye ne kuma an tsaya inda likita ya ce a tsaya. Ya ce tsamin haƙori na kwana kaɗan kusan kowa na ji, ya wuce. "Amma kai, Malam, ka yi ta zuba shi ne ta ƙofar da ke buɗe, har ya isa jijiya. Ga kuma tsami da ka bi sauran da shi ka cinye musu baya." Ya ce dasashin zai warke, sauran haƙoran za su lafa a hankali, amma jijiyar na gaban ta mutu, ruɓa ta taru a gindinsa.

Malam ya ce, "To a cire shi mana, likita, in huta."

Likitan ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Alaramma, kada ka yarda a cire maka na gaba. Za mu iya wanke cikinsa mu cike, ya zauna a wurinsa. Amma sai kumburi ya sauka, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Da layin da muke da shi, sai bayan Sallah za mu gama."

Ya rubuta magani, ya huda wurin ya rage ruɓar, ya ba mu ranar dawowa. Wannan bawan Allah ban san da bakin da zan gode masa ba. Ya faɗa mana komai a fili, da Hausar da ko Yaya Asabe za ta gane.

Muka kama hanyar gida. Na san abin da Malam yake lissafawa. Goman tsakiya ta kusa ƙarewa, kuma tunda ya gaji wurin nan ba a taɓa rufe tafsiri da muryar wani ba. Masu zuwa dubiya ma ba su taimaka ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Kai, Malam Nazifi ya yi ƙoƙari, kamar kai ne." Suna ganin daɗi suke sa masa. Ni da ke kallon fuskarsa na san abin da maganar ke yi masa.

Kumburin ya sauka da magani, amma zugin na tashi duk lokacin da ya gwada ɗaga murya. Wata safiya ya ce zai leƙa rumfa. Kafin azahar ya dawo da auduga a baki, jini a gaban riga. Wani mai cire haƙori ya samu a wani lungu bayan kasuwa, wanda ba ya tambayar kowa sana'arsa, ya cire masa na gaban. Ban yi masa faɗa ba, don faɗan ya fi ƙarfin bakina. Na shiga madafa na zauna a kan turmi na yi kukana, na fito na haɗa masa ruwan ɗumi da gishiri.

Abin haushin shi ne ya samu sauƙin da yake nema. Zugin ya tafi, zazzaɓi ya sauka, ya fara cin tuwo. Yaya Asabe har da cewa da tun farko an bi ta nan da ba a sha wahala ba.

Ga abin da nake so wanda ya karanta wannan ya riƙe. In za ka yi aikin nan, ka fara gyara abin da ya lalace a bakinka, ko likita ya yarda ya tsallake kai kada ka yarda. Kada ka yi shi a gab da wani abu da ba za ka iya ɗagawa ba. In ba za ka iya barin goro ba, ko akwai hannun da ba za ka iya mayar wa da goro ba, ka bar haƙoranka yadda Allah ya gan su, don farin ba zai zauna ba. In an ce ka ɗaga hannu in ka ji zafi, ka ɗaga. Mata kuma, in maigida ya ce da sauƙi, ku buɗe bakin ku duba da kanku.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe tafsiri ya aika wa Malam Babba cewa ya warke. Ya sa farar rigarsa, ya ɗaura rawani, ya lashi zuma tun da sahur. Gidanmu bango ɗaya ne da masallacin, lasifikar kuma tsakar gidanmu take kallo. Ina bakin murhu ina suyar ƙosai na ji ya yi gyaran murya ya fara. Muryar tana nan yadda take, har na ce alhamdulillahi.

Sai ya zo kan kalma mai harafin sin. Iska ta bi ta giɓin ta fito da wani siririn fito, lasifika ta ɗauka ta watsa wa unguwa. Ya tsaya ya maimaita kalmar, fiton ya sake fita. Ya ci gaba, ya tarar da sadi a gaba, shi ma haka. A magana ta yau da kullum ba mu lura ba, don a hankali yake magana, leɓe a rufe. Karatu kuwa ba ya ɓoye komai. Na ji ya koma farkon ayar a karo na uku, a hankali, kamar mai koyo. Daga nan sai shiru, shirun da ya yi tsawon da har Yaya Asabe ta fito daga ɗaki ta tsaya. Sai muryar Malam Nazifi ta ɗauka daga inda ya tsaya.

Bai jira an tashi ba ya shigo gida. Ya warware rawanin ya ninke shi da kyau, ya zauna a bakin tabarma.

Na ce, "Malam Babba ne ya ce ka ba shi?"

Ya ce, "Bai ce komai ba. Da na ci gaba har ƙarshe ba zai tanka ba, kin san shi."

Na ce, "To ai bayan Sallah za a sa maka na roba, sai ka koma."

Ya girgiza kai ya ce, "In ya gyaru, to. In bai gyaru ba, ba zan zauna a gaban jama'a ina yi wa littafin Allah fito ba."

An sa na robar bayan Sallah. Ya toshe giɓin, amma harshe na karo da shi, haruffan ba sa fita yadda yake so, shi kuma ba mutumin da zai karɓi kusa da daidai ba ne a wannan fage. Bana da azumi ya kama, Malam Nazifi ya zo har gida ya durƙusa ya roƙe shi ya koma. Malam ya sa masa albarka, ya gyara masa wurare biyu da yake gaggawa, ya raka shi ƙofa. Da la'asar ta yi ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci da wuri, don ya samu wuri a cikin masu sauraro.